Jacques Cousteau: Bafaranshen da ya buɗe wa mutane hanyar numfashi a ƙarƙashin teku

Yaran da ke wasa a tafkunan damina na Matamaye, Kance ko Magarya sun san gasar nutso. Kowa ya cika ƙirjinsa da iska, ya toshe hanci, ya nutse, wanda ya fi daɗewa shi ne gwanin ranar. Da wuya a samu wanda zai kai minti biyu. Iyakar ɗan Adam ke nan a cikin ruwa tun zamanin kakanni. A yau kuwa, mutumin da bai taɓa ganin teku ba zai iya sauka wani tsibiri da hantsi, a yi masa bayani, a goya masa tukunyar iska a baya, kafin azahar ga shi mita biyar ko shida a ƙarƙashin ruwa yana numfashi, kifaye na gilmawa ta gabansa. Na'urar da ta kawo wannan sauyi ta fito ne a shekarar 1943, daga hannun wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Jacques-Yves Cousteau da wani injiniya, Émile Gagnan. Sunan na farko, da ake furtawa Kusto, ya zagaye duniya, na biyun kuwa kaɗan ne suka san shi.

An haifi Cousteau ranar 11 ga watan Yuni na 1910 a Saint-André-de-Cubzac, wani ƙaramin gari kusa da Bordeaux. Mahaifinsa Daniel lauya ne da ke yi wa wasu attajiran Amurka aiki, yana bin su duk inda suka sa gaba, don haka yaron ya tashi cikin tafiye-tafiye. Ba shi da ƙoshin lafiya yana ƙarami, ciwon ciki da ƙarancin jini sun dame shi. A 1920 iyalin suka koma New York, inda ya koyi Turancin da ya yi masa rana daga baya. A wani sansanin hutun yara da ke bakin tafkin Harvey, a jihar Vermont, aka sa shi aikin kwashe rassan itatuwa da suka nutse a gindin wurin da yara ke faɗawa ruwa. Nutsonsa na farko ke nan, ba tabarau, ba komai, cikin ruwa mai laka.

Da suka dawo Faransa ya tara kuɗi ya sayi ƙaramar na'urar ɗaukar sinima yana ɗan shekara 13. Karatu bai dame shi ba, har aka kore shi daga lakwal saboda fasa gilasan tagogi, iyayensa suka tura shi makarantar kwana mai tsanani a yankin Alsace. Can ya natsu. A 1930 ya ci jarrabawar shiga makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Brest, ya zagaya duniya a jirgin koyarwa mai suna Jeanne d'Arc, ya yi aiki a gabashin Asiya. Amma burinsa a sama yake, so yake ya zama matuƙin jirgin saman yaƙi, har ya fara koyo.

Hatsarin da ya mayar da shi teku

A 1936, yana tuƙa motar mahaifinsa da dare a kan duwatsun Vosges, ya yi mummunan hatsari. Hannuwansa biyu suka karye. Likitoci suka ba da shawarar a yanke ɗaya, ya ƙi. Ya shafe watanni yana jinya kafin yatsunsa su fara motsi, zancen tuƙin jirgin sama kuwa ya mutu daga nan. Aka tura shi Toulon, babbar tashar jiragen yaƙin Faransa a bakin Bahar Rum. Wani hafsa da ya girme shi, Philippe Tailliez, ya ba shi shawarar ya riƙa iyo kullum don hannuwan su yi ƙarfi, kuma ya ba shi aron tabaran ruwa.

Idon mutum ba ya gani sosai idan ruwa ya taɓa shi, komai sai ya zama dishi-dishi. Da zarar an sa gilashi da ƴar iska tsakanin ido da ruwan, gani ya dawo garau. Cousteau ya yi shekaru shida yana aikin jirgin ruwa, ya ratsa tekuna, amma bai taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin jirgin ba sai ranar da ya dulmiya fuskarsa a gaɓar Mourillon ya ga duwatsu, ciyayi da kifaye, alhali da ya ɗaga kai motoci ne da mutane ke wucewa a kan titi. Yana da shekara 26. Daga baya wani gwanin farautar kifi da mashi, Frédéric Dumas, ya haɗu da su, suka zama su uku ba sa rabuwa.

A Yulin 1937 ya auri Simone Melchior, ɗiyar wani tsohon babban hafsan sojan ruwa da ya koma aiki a Air Liquide, kamfanin da ke matsa iska da gas cikin tukwanen ƙarfe. Wannan aure ya ba shi ƴaƴa biyu, Jean-Michel a 1938 da Philippe a 1940, ya kuma buɗe masa ƙofar da ba don ita ba da wuya a ji sunansa.

Matsalar numfashi

Masu nutso na wancan zamani suna nan, amma a ɗaure suke. Ana sa wa mutum ƙatuwar hular tagulla da takalman darma, a zura masa tiyo daga jirgi, wasu na sama suna buga masa iska. Tafiya yake a ƙasan teku da ƙyar, kamar mai ratsa taɓo, kuma ransa na hannun masu famfo. Abin da Cousteau ke nema shi ne mutum ya ɗauki iskarsa a bayansa ya yi iyo yadda ya ga dama.

Wahalar tana cikin nauyin ruwa. Kowace mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke danne shi a tudu. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Shi ya sa dabarar nan ta shaƙar iska ta dogon kara ba ta aiki: ko a zurfin mita ɗaya ƙirji ba ya iya buɗewa ya jawo iskar sama, ruwa ya riga ya danne shi. Dole iskar da za ta shiga huhu ta zo da matsi daidai da na ruwan da ke kewaye da mutum, kuma matsin yana canzawa duk lokacin da ya yi sama ko ƙasa.

Wasu sun gwada kafin shi. Tun a shekarun 1860 Rouquayrol da Denayrouze suka ƙera wata na'ura mai wannan tunani, amma tukwanen zamaninsu ba sa riƙe iska mai yawa. A 1926 wani hafsa, Yves Le Prieur, ya fito da tukunyar da iska ke zuba daga cikinta ba tsayawa, mai nutso na daidaita ta da hannu, sai ta ƙare cikin ƴan mintoci. Cousteau da kansa ya gwada shaƙar oksijen zalla, sau biyu yana faɗawa cikin jijjiga kamar mai farfaɗiya a zurfin mita 14 zuwa 15, da ƙyar aka tsamo shi. Ta haka ya gane cewa oksijen zalla guba ne idan matsi ya yi yawa.

Ana cikin haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, Jamus ta mamaye Faransa a 1940. Cousteau ya yi aikin leƙen asiri wa sojan ruwa a kudancin ƙasar, aka ba shi lambar girma bayan yaƙi saboda haka. A 1942 shi da abokansa suka ɗauki fim ɗinsu na farko a tsibiran Embiez, da numfashin ƙirjinsu kawai, suna nutsewa suna fitowa. A watan Nuwamban wannan shekara Faransawa suka nutsar da jiragen yaƙinsu da hannunsu a Toulon don kada Jamusawa su kama su. Hafsan da ba shi da jirgi sai ya samu lokaci.

Surukinsa ne ya haɗa shi da Émile Gagnan a Paris a Disamban 1942. Saboda ƙarancin man fetur a lokacin mamaya, Gagnan ya ƙera wani ɗan kai da ke daidaita fitar gas domin motoci su yi tafiya da shi, dangin wanda ake ɗaura wa tukunyar gas ta girki. Suka gyara shi ya dace da huhun mutum. A cikinsa akwai wata fatar roba shimfiɗe kamar fatar ganga, ruwa na danna ta daga waje. Idan mai nutso ya ja numfashi, fatar ta lotsa ciki, ta tura wani ɗan ƙarfe, ƙofar iska ta buɗe. Ya daina ja, ƙofar ta rufe. Ruwan da kansa ne ke auna matsin da ya kamata, iska kuma ba ta fita sai an nema.

Gwajin farko, a kogin Marne cikin sanyin Janairun 1943, bai yi daɗi ba. Idan Cousteau ya miƙe a kwance komai lafiya, idan ya tsaya a tsaye iska ta yi ta zuba, idan ya juya kai ƙasa numfashi ya gagara. Suka gano cewa mafitar iska da mashigarta ba a tsayi ɗaya suke ba, tazarar ƴan santimita ce ke kawo bambancin matsi. Suka matso da mafitar kusa da fatar robar, matsalar ta kau. A watan Yuni na 1943, a gaɓar Bandol, ya shiga teku da sabuwar na'urar, Simone na iyo a sama tana kallonsa, Dumas na jira a bakin gaɓa ko da wani abu zai faru. Ya yi iyo, ya yi alkafura, ya tsaya da ka, iska na zuwa. Simone ma ta goya tukunyar a wannan shekara, ta zama mace ta farko da ta yi nutso da ita. A 1946 aka fara sayar da na'urar a kasuwa, a ƙasashe masu Turanci kuma aka san ta da sunan Aqua-Lung.

Dokokin da aka saya da rai

Abin da malamin nutso ke faɗa wa sabon shiga a yau cikin rabin awa, mutanen Cousteau da jikinsu suka koye shi. Doka ta farko: kada a riƙe numfashi yayin hawowa. Iskar da aka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta biyu kafin a iso sama, idan ba ta samu mafita ba sai ta yaga huhu. Wato dabarar yaran tafki, ta cika ƙirji a toshe, ita ce ke kashe mai tukunya. Ta biyu: a hawo a hankali. Kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da ake shaƙa azot ce, sinadarin nan da manoma suka sani a takin zamani. A ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini, idan aka fito da gaggawa sai ta yi kumfa a jijiyoyi kamar kwalbar lemon da aka buɗe bayan an girgiza, ta kawo ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki ko mutuwa. Wannan an san shi tun zamanin masu hular tagulla.

Ta uku ita ce maye. A Oktoban 1943 Dumas ya kai mita 62, ya fito yana ba da labarin wani irin nishaɗi da ya rufe shi kamar wanda ya sha abin sha, har mutum ya manta inda yake. Azot ce ke yin haka daga wajen mita 30 zuwa ƙasa.

Bayan yaƙi, a 1945, rundunar ruwa ta kafa musu ƙungiyar bincike a Toulon, suna kwance nakiyoyin da aka bari a tashoshi. A Agustan 1946 Cousteau da Dumas suka shiga wani kogon ruwa mai zurfi a Vaucluse don gano inda ruwan ke fitowa. A can ƙasa jiri ya kama su, Dumas ya kusa suma. Wani sojan ruwa mai suna Maurice Fargues, wanda ke riƙe da igiya a sama, shi ya jawo su da ƙarfin tsiya. Da aka bincika sai aka ga injin da ya cika tukwanen ya zuƙi hayaƙin kansa, irin gubar da ke kashe mutanen da suka kwana da janareto ko garwashi a rufaffen ɗaki. Shekara guda bayan haka, a Satumban 1947, Fargues ɗin nan ya nutsa don gwada iyakar na'urar. Ya sa hannu a allon da aka rataya a mita 120, daga nan igiya ta daina motsi. Da aka jawo shi, bakin tiyon ya fita daga bakinsa. An yi awanni ana ƙoƙarin farfaɗo da shi, bai tashi ba. Shi ne mutum na farko da ya mutu da wannan na'ura.

Saboda irin waɗannan darussa ne a Faransa ba a wuce mita 6 da wanda ya zo gwajin farko, malami na riƙe da shi, sannan mai takardar shaidar matakin farko yana tsayawa a wajen mita 18 zuwa 20. Ƙungiyar duniya ta masu nutso, CMAS, da aka kafa a Monaco a 1959, Cousteau ne shugabanta na farko.

A cikin waɗannan shekaru akwai wani nauyi na gida. Wansa, Pierre-Antoine, ɗan jarida ne da ya goyi bayan Jamusawa, ya shugabanci jaridar Je suis partout mai yaɗa ƙiyayyar Yahudawa. A 1946 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Jacques ya je kotun cikin kakinsa da lambobinsa ya yi magana domin ɗan'uwansa, abin da bai yi wa manyansa daɗi ba. An sassauta hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai, aka sake shi a 1953.

Calypso

Afirka ta Yamma ta ga Cousteau a 1948, lokacin da jirginsa ya raka masanin nan Auguste Piccard zuwa Dakar da tsibiran Cap-Vert don gwada wata kurtun ƙarfe ta shiga zurfin teku. Théodore Monod, wanda ya ƙare rayuwarsa yana yawon bincike a Sahara, yana cikin tafiyar. A wannan ruwa ne wani kifin shak ya tunkaro Cousteau da Dumas, sai da Cousteau ya buge shi a hanci da na'urar ɗaukar hoto.

A 1950 ya samu jirgin kansa. Tsohon jirgin share nakiyoyi ne na Ingila, da aka mayar na jigilar mutane a tsibirin Malta, mai suna Calypso. Wani attajiri, Loel Guinness, ya saya ya ba shi haya a kan faran ɗaya a shekara. Kuɗin mai kuwa, sai da Simone ta sayar da gwala-gwalanta. Ita ce uwar jirgin, ma'aikata na kiranta Makiyayiya, kuma ta fi mijin daɗewa a cikinsa nesa ba kusa ba, duk da ba ta yarda a nuna ta a fim. Tafiyar farko, a ƙarshen 1951, Bahar Maliya suka nufa.

Bincike yana cin kuɗi, Cousteau kuma bai cika tambayar inda kuɗin ya fito ba. A 1954 ya yi wa wani reshen kamfanin man Ingila, wanda ya zama BP, aikin binciken ƙasan teku a gaɓar Abu Dhabi. Bayan shekara huɗu aka haƙo mai a yankin. Mutumin da duniya ta sani da kare teku yana cikin waɗanda suka share wa rijiyoyin man cikin teku hanya.

Fim ɗin Le Monde du silence, wato duniyar shiru, da ya yi tare da matashi Louis Malle, ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1956, sannan Oscar a 1957. Miliyoyin mutane a nan suka fara ganin launin murjani da kifayen ƙasan teku. Wanda ya kalle shi yau zai yi mamaki: ana tayar da nakiya a cikin murjani don a ƙirga matattun kifaye, ana hawan kunkuru kamar jaki, ana sassara kifayen shak da gatari don huce haushi. Ba a ɓoye aka yi ba, a lokacin ba wanda ya ga laifin abin, shi ma daga baya ya yarda cewa ba daidai ba ne.

A 1957 ya zama daraktan gidan tarihin teku na Monaco, muƙamin da ya riƙe sama da shekara 30. A Oktoban 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai kuma Faransa ta fasa bam ɗinta na nukiliya na farko a Saharar Aljeriya, hukumar nukiliyar Faransa ta shirya zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum tsakanin Nice da tsibirin Corse. Cousteau ya tayar da ƙura, jama'a suka zauna a kan layin dogo suka tare jirgin da ke ɗauke da kayan, gwamnati ta janye.

Ƙauye a ƙasan Bahar Maliya

Daga nan ya shiga wani buri mafi girma, na mutane su zauna a ƙarƙashin teku. A 1962 mutum biyu, Albert Falco da Claude Wesly, suka yi mako guda a wani ɗakin ƙarfe mita 10 ƙasa kusa da Marseille. A 1963 aka kafa ƙaramin ƙauye a Sha'ab Rumi, arewa da Port Sudan, gaɓar da alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa suka daɗe suna tsallakawa zuwa Jidda. Mutane suka yi wata guda a wani gida mai siffar tauraro, da mai dafa abinci, har da aku. Wasu biyu suka yi mako a wani ɗaki da ke kusan mita 30. Fim ɗin wannan zama ya kawo masa wani Oscar. A 1965 mutum shida, ciki har da ɗansa Philippe, suka yi mako uku a zurfin mita 100 kusa da Nice. Kamfanonin mai sun taimaka da kuɗi kuma sun amfana da sakamakon, amma shi Cousteau ya sauka daga ra'ayin mayar da teku mazauni.

Talabijin ce ta mayar da shi sananne a kowane gida. Daga 1968 tashar ABC ta Amurka ta riƙa nuna tafiye-tafiyen Calypso, da siririn dattijon nan mai jar hula da Turancinsa mai ɗanɗanon Faransanci. Masana sun yi ta gunaguni cewa ba shi da digirin kimiyya, kuma ana shirya wasu wuraren don su yi kyau a hoto. Akwai gaskiya a ciki. Amma ya koma wuraren da ya yi nutso shekara 20 ko 30 baya ya tarar kifi ya ragu, murjani ya mutu, ya kuma faɗa wa mutanen da ba sa karanta rahoton masana. Babbar nasararsa ta zo a kan Antaktika, nahiyar ƙanƙara ta kudancin duniya: ya tara sa hannun jama'a, ya bi shugabanni, ya kai yara shida daga nahiyoyi shida can a 1990, har aka yi watsi da yarjejeniyar haƙar ma'adinai, aka sa hannu kan ta Madrid a 1991 wadda ta haramta haƙar. A 1995 ya ajiye muƙamin da shugaba Mitterrand ya ba shi, don nuna fushi da komawar Faransa gwajin nukiliya a tekun Pasifik. Ba duk maganarsa ce ta yi daɗin ji ba. A wata hira da mujallar UNESCO a 1991, kan yawan al'ummar duniya, ya ambaci adadin mutum 350,000 da ya ce sai an rage a kowace rana, yana mai yarda cewa abin tsoro ne a furta. Har yau ana jifansa da wannan magana.

Gida biyu

Ranar 28 ga Yunin 1979 Philippe, ɗan da ya shirya ya gaje shi, ya mutu yana da shekara 38, lokacin da jirgin samansa mai sauka a ruwa ya kife a kogin Tage kusa da Lisbon. Uban bai warke daga wannan ba. Jean-Michel ya dawo ya kama masa aiki na tsawon shekaru. Simone ta rasu da ciwon daji a Disamban 1990, aka watsa tokarta a teku. Bayan wata shida Cousteau ya auri Francine Triplet, tsohuwar ma'aikaciyar jirgin sama, sai ga shi suna da ƴaƴa biyu da aka haifa tun Simone na raye. Gida ya rabe. A 1995 uba ya kai ɗansa Jean-Michel kotu, saboda ya sa sunan Cousteau a wani masaukin ƴan hutu a tsibiran Fiji, inda baƙi ke zuwa koyon nutso. Aka ƙare da sharaɗin sai ya haɗa da sunansa na yanka.

A Janairun 1996 wani jirgin dakon kaya ya buge Calypso a tashar Singapour ta nutse, sai da aka tsamo ta. Shi kuma ya rasu a Paris ranar 25 ga Yunin 1997, yana da shekara 87.

Akwai labarin da ya daɗe yana yawo a ƙasashen Musulmi, daga kaset zuwa WhatsApp, cewa Cousteau ya gano shamaki tsakanin tekuna biyu, aka nuna masa ayoyin Alƙur'ani da suka yi zancen haka, ya musulunta. Gaskiya ne ruwan tekuna masu bambancin gishiri da zafi kan yi hawa-hawa ba su gauraya nan take ba, kamar a mashigin Gibraltar, amma ba shi ya gano hakan ba: wani Ba'italiye, Luigi Marsigli, ya bayyana irinsa a mashigin Istanbul tun 1681. Gidauniyar Cousteau ta rubuta a 1991, yana raye, cewa bai musulunta ba. An yi masa addu'ar jana'iza a majami'ar Notre-Dame ta Paris, shugaba Chirac na wurin, aka binne shi a kabarin danginsa a garin da aka haife shi. Masu wa'azin da ke maimaita labarin da kyakkyawar niyya suna jingina magana ne a kan abin da bai faru ba.

Émile Gagnan ya koma Kanada a 1947, ya ci gaba da gyara na'urar ba tare da hayaniya ba. Calypso ta yi shekaru tana tsatsa a tashoshin Faransa, dangi na shari'a a kanta, aka kai ta Turkiyya a 2016 don gyara, gobara ta cinye sabon katakonta a 2017. A Sha'ab Rumi an kwashe gidan tauraro tun bayan gwajin, amma rumfar ƙarfen da suke ajiye ƙaramin jirginsu na nutso tana nan a ƙasan ruwa, murjani ya lulluɓe ta. Masu nutso kan shiga ta ƙarƙashinta su ɗaga kai cikin ƴar iskar da ta taru a rufin.